Ƙafar Arzika

Kafin hantsi ya ɗaga labari ya gama zagaye tashar Dakoro: an fasa magazar ajiyar saƙo, kuma abin da aka sace ƙafa ce.

Mutane suka yi ta tambayar juna ko kunnensu ya ji daidai. Akwai buhunan shinkafa a ɗakin, akwai kwalayen salula, akwai keken ɗinki sabo fil a cikin ledarsa. Duk ɓarawon ya tsallake su ya ɗauki wani kwali dogo guda. A cikinsa akwai ƙafar roba ta hagu, wadda aka auna aka ƙera a Yamai domin Arzika, wani manomi na Sabon Maci da kububuwa ta sara a gona, har likita ya yanke masa ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Biron kamfanin motocin da ke kawo saƙon, wato ofishinsu, yana da sunansa a allo, amma ba mai kiransa da shi. Dawo Gobe ake ce masa. Ka zo karɓar saƙonka a ce mota ba ta iso ba. Ta iso a ce ba a sauke kaya ba. An sauke a ce mai makulli ya tafi masallaci. In ka matsa a ba ka wata lamba ta Yamai, ka kira ta yi ta ƙara kamar a cikin rijiya. Mutane sun saba da ɓatan atamfa da ɓatan magani. Amma ƙafar mutum, wannan ya taɓa zuciyar kowa, taron da ke ƙofar magazar kuwa neman wanda zai kama kawai yake yi.

Nafi'u, jandarman da aka turo, ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya aika a kira Mainassara.

Mainassara ya haura sittin, yana da garkensa a wajen Tagriss, kuma tun yana saurayi ake ɗaukarsa bin sawun dabbobin sata. Tafiya yake yi ido rabi a rufe, har wasu na cewa barci yake yi a tsaye. Ba barci ba ne. A wurinsa ƙasa ba ta saurin sakin wanda ya taka ta. In ya dubi rairayi sai ya ga mutanen jiya suna nan suna wucewa, dishi-dishi, kamar kawalwalniyar tsakar rana, wannan yana sauri, wancan yana jan ƙafa da kaya a ka.

Ya tsuguna a gefen ƙofar da aka ɓalle wa kwaɗo. Shekaranjiya da la'asar an yi yayyafi, na farkon shekara, wanda bai isa shuka ba, ya dai ɗaure fuskar ƙasa. Inda taro bai tattake ba, komai na nan a fili. Ya ga takalmin taya mai faɗi. Ya ga rufaffen takalmi mai ɗan diddige. Ya ga kyanwa.

"Baba, mi ka gani?" in ji Nafi'u.

"Baƙo bai zo nan ba. Masu wurin kaɗai na gani."

Bai rufe baki ba taron ya juya kan Ɗangoggo, ƙaton da ke loda da sauke kaya, wanda kuma shi ne ke kwana a rumfar biron yana gadi. Wani har ya cafke masa wuyan riga. Mainassara ya ji haushin kansa, don ya san ya yi saurin magana.

*

Suka shigar da Ɗangoggo cikin biron. Abdulmumini, mai riƙe da wurin, tsohon direba ne da ciwon baya ya zaunar a kujera. Yana ta share gumi da ƙaramin tawul.

"Jiya da magariba na ga kwalin da idona," in ji shi. "Motar yamma ta kawo shi. Ni na kulle ɗakin."

Nafi'u ya dubi Ɗangoggo. "Kai ina ka kwana?"

Ɗangoggo ya sunkuyar da kai yana murza manyan yatsunsa. Aka tambaye shi sau da yawa, ya ƙi magana. Ana cikin haka sai ga Azara, bazawarar da ke sayar da dambu a bakin tasha, ta kutsa kai da ludayi a hannu.

"Ku sake shi, don Allah. Yana ƙofar gidanmu zance, babana na zaune yana jinmu. Kunya ce ta hana shi faɗi. Shekara guda yana roƙon a ba shi dare ɗaya ana hana shi, sai jiya maigidansa ya ce ya tahi ya huta. Shi ke nan kuma sai ya zama ɓarawo?"

Ɗangoggo ya rufe fuska da hula. Wasu a bakin taga suka yi dariya, hannun da ke neman wuyansa ya yi sanyi.

Nan take wani ya kawo sabon zance: da asuba an ga ƙafa ta leƙo daga amalanken Amiru, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Taron ya kwasa zuwa bayan kasuwar dabbobi. Amiru ya fito yana rantsuwa, ya yaye buhun da ya rufe kayansa. Ƙafa ce kuwa, fara sol, siririya, mai jan farce. Ta irin gunkin nan ce da teloli ke sa wa riga a ƙofar shago. Amiru ya ɗaga ta sama, rana na haskawa a kanta, mutane suka tsaya suna kallo shiru kamar an nuna musu abin da suka taɓa gani a mafarki. Daga baya kowa ya kama gabansa yana jin kunya.

*

Arzika bai bi taron ba. Mainassara ya same shi a gindin bishiyar dogon yaro, sandunansa a jingine, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe.

"Sannu, Malam Arzika."

"Yauwa, Baba. Ka ji abin da anka yi mini? Tun sanyi nake zuwa. Jiya na nuna wa mai biron hoton da likitan Yamai ya turo mini, ga kwalin a bisa motarsu tun watan jiya. Ya ce bai iso ba. Na ce to da sahe zan tahi wurin jandarma. Yau kuma ya ce an sace. Abin da bai iso ba, shi anka sace."

Ya dubi gabas, inda gajimare ya taru fari kamar audugar da aka shiɓa.

"Kullum a mafarki ina da ita," in ji shi a hankali. "Ina bin layi, ina zuba iri, ina rufewa da diddige. Har sanyin ƙasa nake ji tsakanin yatsu. Ƴan'uwana sun ce bana ma za su noma mini gonar. Bara sun noma. Baba, ka san gonar da anka noma maka damina biyu, uku, sunanka kaɗai ya rage a kanta. In ruwa ya sauka ban tsaya da ƙafata a ciki ba, ta tahi."

Mainassara ya tashi ya bi jikin katangar tasha, ba don yana neman wani abu ba, sai don hayaniya ta ishe shi. Rana ta take, iska ta tsaya cak. Bayan katangar akwai wani fili da shingen ƙaya ya kare, da aduwa guda a tsakiya, wurin da ba mai bi sai awaki. Ya nufi inuwar zai zauna. Sai ya tsaya.

Wani mutum ya shigo filin nan da ƙafa ɗaya da sanda. Ga sawun dama, ga ramin sanda, ga sawun dama, ga ramin sanda, har gindin aduwar. Can ya zauna ya daɗe, ya ajiye wani abu mai kusurwa huɗu a gefensa. Sa'annan ya tashi da ƙafa biyu.

Mainassara ya bi shi da ido, sai ya ga kamar mutumin na gabansa, yana rawa-rawa cikin zafin rana. Ya yi taku ya faɗi, ga tafin hannunsa. Ya tashi. Ya zagaya bishiyar, ya sake zagayawa, zagayen na ƙara faɗi kamar na ɗan maraƙin da aka kwance wa igiya. Ƙafar dama tana kama ƙasa da yatsu, tana murzawa in za ta juya. Ta hagu kuwa sauka take yi gaba ɗaya, shafe, ba ta san ƙasa ba, ƙasa ba ta san ta ba. A wani wuri mutumin har tsalle ya gwada.

Ya durƙusa ya kusantar da fuskarsa. Cikin kowane sawu akwai ƙananan ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana. Yayyafi ya sauka a kansu.

Ya koma wurin Azara. "Ɗiyata, ban da Arzika, akwai wani mai ƙafa ɗaya da ke zuwa biron nan?"

"Awo, Halidu. Na wani ƙauye ne gaban Korahane. Mota ce ta kihe da su a hanyar Agadas. Shi ma ƙafa anka aiko masa, damina biyu ke nan ba labari. In ya zo ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, in ba shi ruwa. Kwanan nan dai ban gan shi ba."

*

Suka tafi a motar jandarma, Nafi'u na tuƙi. Hanya ta miƙe cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa, ƙasa ja, sama fari, bishiyoyi na iyo a nesa ba su taɓa ƙasa ba. Mainassara ya jingina kai, yana jin kamar ba tafiya suke yi ba, ƙauyen ne ke tahowa.

Tun daga bakin rijiya ya ga sawun. Yana ko'ina: hanyar masallaci, ƙofar kowane gida, har wuraren da mutum ba shi da abin yi. Mai shi bai zauna ba tun da ya dawo. Nan da can kuma, a gefen sawun hagu, akwai ɗigon abu baƙi da ƙudaje ke bi.

Suka sami Halidu yana dawowa daga bayan gari, siriri, mai fara'a, yana tafe yana ɗan karkata kamar jirgin ruwa. Da ya ga kakin jandarma bai ko razana ba. Ya yi musu maraba, ya sa matarsa Hanatu ta kawo fura.

"Malam Halidu, barka da arziki," in ji Mainassara. "Yaushe ta iso?"

"Ranar da anka yi yayyahin nan, da sahe! Na je zan yi faɗana kamar kullum, sai maigidan biron ya ja ni gehe, ya ce ga ta, an gano ta, in ɗauka in tahi kada in sake zuwa. Wallahi Baba, ban iya jira na kawo gida ba. Bayan katanga na sa ta." Ya yi dariya. "Jiya na tahi har kabarin mahaihiyata da ƙafata. Ba ta gan ni tsaye ba kahin ta rasu."

"Ba ta damunka?"

"Tana cizo kaɗan. An ce sabo ne."

Ya ɗage wando. Tsumman da ya naɗa a dungun ya jiƙe, ya bushe, ya sake jiƙewa. Nafi'u ya kau da kai. Ya buɗe baki zai yi magana, Mainassara ya taɓa masa gwiwa.

"Akwai wata ƴar magana a biron da ba ta ƙarewa sai da kai," in ji Mainassara. "Ka daure ka biyo mu."

Duk tsawon hanya Halidu na ba su labarin awakin da zai saya. Mainassara ya bi sawun ɓarayi har cikin duwatsu bai taɓa jin nauyin dawowa kamar na ranar nan ba.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da aka taru a rumfar biron. Ga Abdulmumini a kujerarsa, ga Ɗangoggo, ga Amiru da ya zo a wanke shi a gaban jama'a, ga Azara, ga Arzika a kan benci. Halidu na cikin mota an ce ya ɗan jira.

"Malam Abdulmumini," in ji Mainassara, "ka ce jiya da magariba ka ga kwalin."

"Da idona."

"Yaushe anka yi yayyahi?"

"Shekaranjiya. Kowa ya sani."

"To ƙafar nan ta taka ƙasa a bayan katangarka, ruwan shekaranjiya ya sauka a kan sawunta. Ta bar ɗakin nan tun kwaɗon na lahiya. Da sahe na ce baƙo bai zo ƙofar ba, kunka kama Ɗangoggo, laihina ne da ban ƙarasa ba. Takalmi biyu ne a wurin. Mai ɗayan an sallame shi ya tahi zance."

Duk ido ya sauka kan rufaffen takalmin Abdulmumini. Ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

Nafi'u ya buɗe ƙofar mota. Halidu ya sauko ya taho yana murmushi, yana gaida mutane hagu da dama. Arzika ya miƙe zaune. Bai dubi fuskar mutumin ba, ƙafar yake kallo, yadda uwa ke kallon ɗanta a bayan wata.

"Maigida, ga ni," in ji Halidu. "An ce akwai magana."

Abdulmumini ya daɗe yana matsa tawul ɗinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta fito a gajiye.

"Damina biyu mutumin nan na zuwa yana tara mini jama'a. Tasa ban taɓa ganinta ba. Na kira Yamai, na kira Maraɗi, kowa ya ce ba shi ba ne. Da wannan ta zo na ajiye ta ina tunani. Na ce hagu ce, hagu ce. In ba wanda ya hi daɗewa, in tasa ta ɓullo wata rana in ba ɗayan. Sai ga wannan da hoto, yana kiran jandarma, shi ne na ɓalle kwaɗon da kaina." Ya ɗaga kai. "Ku kuna ganin ni ne kamfani? Ni ma lambar da nake ba ku ita anka ba ni."

"Kira ta," in ji Nafi'u.

Ya kira, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye salular a kan tebur. Ta yi ta ƙara. Mutum sama da hamsin suka yi tsit suna saurare, har ana jin kukan kurciya a kan katanga. Ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke.

Murmushin Halidu bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya a fuskarsa kamar ya manta hanyar fita. Ya dubi Arzika, ya dubi wandon da ke naɗe, ya dubi ƙafar da ke jikinsa.

"Tawa fa?" in ji shi.



Ya zauna a ƙasa a hankali, ya fara kwance maɗaurin. Arzika ya ce, "Malam, dakata," amma Halidu ya ci gaba da kwancewa.

"Ashe shi ya sa take cizona," in ji Halidu. "Ba ni anka auna ba." Ya warware bakin rawaninsa ya goge cikin ƙafar tas, ya goge ƙurar da ke kan yatsun roba ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Arzika da hannu biyu. "Ka yahe mini. Na kai ta wurare."

Nafi'u ya tafi da Abdulmumini. Daga baya kamfanin ya aiko wani ya zauna a kujerar, aka sa sabon kwaɗo, ba wanda ya zo daga Yamai ya ba kowa haƙuri. Ƙafar Halidu kuwa har yau ba a san garin da ta sauka ba.

Amma a yammacin nan mutane ba su watse ba. Azara ta kawo ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, Ɗangoggo ya durƙusa yana wanke wa Halidu ciwon. Arzika ya zura dungunsa cikin ƙafar, ta shige kamar ta san gida. Ya kama kafaɗar Mainassara ya miƙe. Ya tsaya, ya kasa ɗaga ta. Duk tsayin jiran da ya yi, bai taɓa tunanin zai ji tsoro ba.

"Kada ka kalli ƙasa," in ji Halidu daga inda yake zaune. "Ni ma haka na yi na faɗi. Dubi katangar can. Jefa ta gaba daga cinya, ka sakar mata nauyinka."

Arzika ya jefa. Ya yi tangaɗi, ya tsaya.

"Sake shi, Baba, ba ya faɗuwa," in ji Halidu.

Mainassara ya zare kafaɗarsa. Arzika ya yi taku ɗaya shi kaɗai, ya ƙara wani, hannuwansa a buɗe, hawaye na bin gemunsa. Halidu ya ture hannun Ɗangoggo don ya gani da kyau, ya dafa ƙasa ya leƙa.

"Haka," in ji shi. "Haka nan. Tahi, kada ka tsaya. In ka kai katanga zan gaya maka yadda ake juyowa."